IBM, Cherry ko Alps: Wane Tsohon Kibod Ya Kamata Ɗan Kano Ya Fara da Shi?

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Bayero ya zo gaishe ni wata Juma'a bayan la'asar. Maimakon ya zauna mu yi hira, sai ya ja kujera gaban teburina ya hau danna tsohon kibod ɗin IBM da nake aiki da shi, alhali kwamfutar ma a kashe take. Ya daɗe yana sauraron ƙas-ƙas ɗin nan kafin ya ɗago ya ce, "Kawu, ni ma fa ina so in fara tara irin waɗannan, in koyi gyaransu. Wanne zan fara nema?"

Na san inda ya kwaso sha'awar. Ya kalli bidiyoyin Turawa suna yabon wannan suna kushe wancan, suna kwatanta ƙarar maɓalli kamar masu ɗanɗanon zuma. Ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ɗakunan da suke ajiye kayansu ba su san hazon Disamba ba, ba su san zafin Afrilu mai kai maki 40 ba, kuma in ɗan sifirin ya ɓace musu, kwana biyu mai kawo saƙo zai buga ƙofa. Mu a Kano tambayar da ta fi amfani ita ce: me ke kashe kowannensu, kuma in ya mutu da me zan tashe shi a garin nan? Da wannan mudun na auna masa iri ukun da mai farawa ya fi cin karo da su, wato IBM Model M, da masu makunnin Cherry MX, da masu makunnin Alps (makunni shi ne ɗan akwatin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, mai aika harafi in an danna).

Kafin a kai ga zaɓi, sai an iya rarrabewa. Yawancin kibod ɗin da ke jibge a shagunan kayan hannu na roba ne: ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan ƙoƙon roba mai lotsawa, in ya tsufa ya yi lakwam kamar tuwon jiya. Tsufa kaɗai ba ya mai da irin wannan abin tarawa. Wanda muke nema kowane maɓalli na da nasa sifirin na ƙarfe. A kasuwa fara da ɗaga shi, nauyi alama ce. Duba layin ƙasa: in babu maɓallin Windows, akwai yiwuwar ya girmi 1995. Duba kan wayar, ko zagaye ne mai 'yan ƙusoshi a ciki. Duk waɗannan zato ne, tabbaci yana ƙarƙashin hular maɓalli, wato murfin da ke ɗauke da harafin. Ka lanƙwasa 'yar siririyar waya ka sa a aljihu, ka nemi izinin mai kaya, ka zare hula ɗaya sama ɗoɗar ba tare da murɗawa ba. In ka ga sanda mai kai kamar alamar tarawa ta lissafi, Cherry ce ko kwaikwayonta. In ka ga rami mai kusurwa huɗu, dogo a kwance, Alps ce ko danginta. In kuwa ka tarar da bututu mai zurfi da sifirin tsaye a ciki shi kaɗai, to IBM ne a hannunka, ka daure fuska kada mai kaya ya ga murnarka.

Model M ya fito a 1985, kuma dabarar da ke cikinsa ta girme shi, wani injiniyan IBM mai suna Richard Harris ne ya yi mata rajista a ƙarshen shekarun 1970. In ka danna maɓalli sifirin yana matsewa, yana matsewa, sai ya kasa jurewa ya lanƙwashe gefe ɗaya ya bugi jikin bututun. Lanƙwashewar ce ke karkatar da wata 'yar guduma a ƙasa ta danna fallayen leda masu layukan wuta, harafi ya fita. Shi ya sa ƙarar da fitar harafin suke zuwa tare, yatsa ya san aiki ya shiga tun ido bai duba allo ba. IBM ya ware sashen da ke ƙera shi ya zama kamfanin Lexmark a 1991, a 1996 kuma aikin ya koma hannun Unicomp a garin Lexington na jihar Kentaki ta Amurka, inda har yau ake yin sabo da kayan gyaransa. An kuma ƙera wasu a Greenock ta Sikotilan. Abin da ke burge masu tarawa shi ne takardar da ke manne a bayansa, wadda ke ɗauke da lambar samfuri da ranar da aka ƙera shi, kamar takardar haihuwa. Lambar da aka fi gani ita ce 1391401. Tambarin ma yana ba da labari: na farko-farko murabba'in ƙarfe ne, sai mai siffar ƙwai da rubutu ruwan toka, sai mai shuɗin rubutu na zamanin Lexmark.

Ta fuskar ƙura, babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin ukun. Wurin da wuta ke haɗuwa a rufe yake tsakanin fallayen leda, a matse ƙarƙashin faranti, kuma maɓallin yana zirga-zirga ne a bututu mai yalwa. Ƙurar hunturu ta sauka ta taru tsakanin bututun, ka zare huluna ka bi da buroshin fenti, shi ke nan. Hulunan kuma da robar PBT aka yi su, rubutun a rine yake cikin jikinsu, ba sa yin ɗorawa kuma ba sa gogewa. Ka jiƙa su a ruwan ɗumi da omo, ka shanya a inuwa, su fito kamar yau aka sauke su daga jirgi. Wurin mayar da maɓalli ne kawai sabon shiga ke firgita, don in sifirin bai zauna daidai ba maɓallin zai yi shiru. Zare shi, karkata kibod ɗin har sifirin ya tsaya a tsakiyar ramin, ka sake dannawa.

Lagonsa a ciki yake. Farantin ƙarfen da ke ba shi nauyin nan na wajen kilo 2 an haɗe shi da farantin bututu ne da gomman ribit na roba da aka narkar da kawunansu. Shekara talatin zuwa arba'in, ga zafi, robar ta bushe, kawunan su dinga ɓantarewa ɗaya bayan ɗaya. In kaɗan suka tafi ba za ka ji komai ba. In suka tafi da yawa a wuri ɗaya, maɓallan wurin su yi laushi ko su daina amsawa. Gwajin kasuwa mai sauƙi ne: ɗaga shi kusa da kunne ka girgiza. In ka ji kamar tsakuwa a gwangwani, kawunan ribit ne ke yawo. Maganin shi ne a huda gurbin kowane ribit da siririn bakin diril a sa ƙananan sukurori, wasu har da noti. Aiki ne na natsuwa, in hannu ya goce farantin bututun ya tsage. Amma ka lura da abu ɗaya: babu narka dalma a ciki ko kaɗan, ba sai ka jira an kawo wuta ba in kana da diril na hannu. Matsalar farko ma da za ka fara karo da ita ita ce buɗe shi, domin kawunan sukurorin bayansa masu kusurwa shida ne, milimita 5.5, a can cikin rami mai ƙunci. Soket ɗin da ake sayarwa a kasuwa yawanci ya yi kauri. Ni wajen mai walda na kai nawa ya zage masa baki a injin wasa har ya shige.

Abokin gabansa na biyu ruwa ne. Shayi ko zoɓo in ya tsiyaya ya isa ledar, layukan su ci, kuma ba ka isa wurin ba sai ka yanke ribit ɗin gaba ɗaya. Na baya-bayan an yi musu magudanar ruwa, na farko babu. Sannan ga ƙara. Wanda ke ɗaki ɗaya da mai jego ko yake rubutun dare a gidan haya, ya shirya jin magana da safe. Bai dace da masu wasannin kwamfuta ba, don ba kowane maɓallai uku yake karɓa a lokaci guda ba. Kuma akwai ɗan tarko: an yi wasu masu kamannin Model M sak, har da sunan, amma cikinsu roba, irin mai lamba 71G4644. Kada tambari ya hana ka zare hula.

Yayansa Model F, wanda ya zo da kwamfutar IBM PC a 1981, ya fi shi daɗin dannawa a wurin mutane da yawa, ni ma ina cikinsu. Amma soson da ke cikinsa kan ruɓe, yaren da na farkon ke magana da kwamfuta daban ne, jerin maɓallansa kuma baƙo ne ga yatsun yau. In ka tsince shi ka saya ka ajiye, amma ba na koyo ba ne.

Cherry labarinta ba shi da armashi kamar na IBM, amfaninta kuwa ya fi yawa. Kamfanin yana garin Auerbach a Jamus, makunnin MX ya fito a farkon shekarun 1980, kibod ɗinsu da aka fi sani, G80-3000, ya fito a 1988. Kowane maɓalli akwatinsa daban, mai sanda da sifirin da 'yan ganyen ƙarfe biyu da ke haɗuwa, an like ƙafafunsa da dalma a fanel, wato allon lantarkin da ke cikin kibod. Launin sandar ne ke gaya maka halinsa: baƙi yana sauka sumul da ɗan nauyi, shuɗi yana ƙara, ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a hanya ba tare da ƙara ba. Wanda ya saba da tsawar IBM in ya taɓa baƙin zai ce ina abin yake? Jikin G80-3000 ma ba nauyi, ba sukuru, 'yan maƙalai ne ke riƙe da shi, in ka murɗa shi yana kuka. Babu wanda zai shigo ɗakinka ya tsaya kallonsa.

To me ya sa nake tura masu koyo wajensa? Domin shi kaɗai ne a cikin ukun zuriyarsa ke raye a kasuwarmu. Tun da haƙƙin mallakar MX ya ƙare, kamfanoni irin su Gateron da Kailh da Outemu suka cika duniya da kwaikwayonsa, kuma kibod ɗin nan masu fitilu kala-kala da samari ke saya don wasanni, masu sifirin daga cikinsu kusan duk wannan tsarin ne. Ma'ana, mataccen kibod ɗin wasa guda ɗaya rumbun kayan gyara ne: sifirin sama da 80, sanduna, huluna. Ba ka buƙatar dala, ba ka jiran jirgi. Ga wani sauƙin kuma: a G80-3000 makunnan a kan fanel suke zaune kai tsaye babu farantin ƙarfe a tsakani, don haka kana iya buɗe murfin kowane ɗaya da ɗan hantsaki ka share, ka canza sifirin, ka rufe, ba ka taɓa dalma ba. Sai in ganyen ƙarfen ne ya mutu za ka ciro makunnin dungurungum, a nan ma ƙafafu kaɗan ne, ramukan manya, daidai hannun ɗan koyo. Sai dai ka lura, makunnin da ke zama a fanel kai tsaye yana da ƙarin ƙafafun roba biyu da ke tsayar da shi. Wanda ka ciro daga kibod ɗin wasa sau da yawa ba shi da su, in ka like shi zai karkace, gara ka kwashe kayan cikinsa ka zuba a tsohon akwatin.

Ƙura tana shiga MX, amma ba ta cika yi masa lahanin dindindin ba. Alamarta ita ce harafi ya dinga fita biyu-biyu, ka rubuta Kano ka ga Kanno. Ɗigon sifirit mai ƙarfi a cikin makunnin, ka danna sau da yawa, ka bari ya bushe sosai kafin ka jona, yawanci ya wadatar. Kada ka kusanci jikin kibod ko hulunansa da fetur ko tina. Na taɓa yi, ina gaggawar cire tabon fenti, robar ta narke a ƙarƙashin tsumma ina kallo.

A nan ma takardar baya ce jagora. G80 shi ne mai MX. G81 wani tsari ne daban, sandarsa ta yi kama, amma dannawarsa kamar taka jiƙaƙƙiyar katifa, hulunansa kaɗai ne abin so tunda suna hawa kan MX. G83 roba ce zalla. Haruffan da ke bin lambar ma suna magana: H na nufin an zuba rubutun da roba mai launi biyu wanda ba ya gogewa har abada, S rinanne ne, L kuma da hasken leza aka ƙona shi. Ka dinga leƙa irin kibod ɗin bankuna da manyan kantuna masu ramin goga kati, wasunsu G80 ne babu wanda ya kula. Kuma da yake kayan hannu da yawa daga Turai suke shigowa, za ka haɗu da na Jamus inda Z da Y suka yi musayar wuri. Ga mai rubutun Hausa, mai "za" da "ya" a kowane layi, wannan abin dariya ne a ido kawai. Kwamfuta ce ke yanke harafin da zai fita, ba fentin hula ba. Haka zancen ɓ da ɗ da ƙ yake: kowane ɗaya cikin ukun nan zai buga su in ka zaɓi tsarin Hausa a Windows ko ka sa manhajar Keyman, tsufansa bai hana ba.

Saura Alps, wadda na fi so kuma na fi hana mutane. Kamfanin Japan ne, makunnan da ake magana a kansu sun fara fitowa a 1983, kuma an daɗe da daina yin su. Su ne a cikin Apple Extended Keyboard na 1987 da na biyunsa na 1990, da Northgate OmniKey, da Focus FK-2001, da Dell AT101 da ƙaninsa AT101W mai maɓallin Windows, wanda shi ne aka fi sa ran gani a wurinmu tunda kwamfutocin Dell sun shiga ofisoshi da yawa. Alps mai tsabta, musamman shuɗiya ko ruwan lemo, tana da wani daɗi da ba na jin MX ta taɓa kaiwa: nauyin yana sama, ka ture shi, sai yatsa ya faɗa da wata murya mai kauri. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, in dai ba a bar bakin tulun a buɗe ba.

Ita kuwa Alps a buɗe take. Sandarta tana goga jikin akwatin da 'yan ganyen ƙarfe, gibin da ke gefenta kuma ƙofa ce ga ƙura. Ƙurarmu ba auduga ba ce, garin yashi ne da iskar arewa ke kwasowa daga sahara. In ya shiga aka ci gaba da dannawa, aikin sanfefa yake yi, ya kankare santsin da aka shafa tun daga masana'anta, ya karce robar. Daga nan maɓalli ya dinga cijewa in ka danna shi a gefe. Na sayi wani AT101W da ya sha shekaru a shago mai buɗaɗɗiyar ƙofa a bakin titi. Na buɗe makunnai 104 ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace, kowanne da 'yan kayan ciki wajen 10, na wanke, na shanya, na mayar. Dare nawa na yi ban ƙirga ba. Ya yi sauƙi, ban ce bai yi ba, amma har yau in na danna Shift a gefe ina jin yashin Kano. Wanki yana cire datti, ba ya mayar da abin da ya karce.

Ƙari a kan haka, kayan gyaranta sai daga wani tsohon kibod ɗin Alps, ko sababbin da kamfanin Matias na Kanada ke yi a kan tsarinta, su ma sai an yi oda. Ƙafar hularta tana karyewa a cikin ramin in aka murɗa wajen cirewa. Ƙafafun makunnin sau da yawa a lanƙwashe suke a bayan fanel, ciro su da dalma yana ɗaye layin tagulla a hannun wanda bai ƙware ba. Na Apple kuma kan wayarsu wani iri ne daban da ake kira ADB, sai adafta ta musamman. Saboda haka dokata a kan Alps ɗaya ce: kada ka yi cinikin biri a sama. Sai ka danna kowane maɓalli a tsakiya da kusurwa. In sumul yake, ka saya ko da ka ƙara kuɗi, ka ɗinka masa riga wajen tela, ka rufe shi duk lokacin da ka tashi. In yana ƙaiƙayi, ka taya shi a farashin huluna.

Tunda zancen dalma ya shigo: masu gyaran waya na Farm Centre gwanaye ne a aikinsu, amma aikinsu na iska mai zafi ne a kan ƙananan abubuwa, iskar nan kuwa narkar da akwatin makunni take yi. Wanda ya dace da tsohon kibod shi ne tsohon mai gyaran rediyo da talabijin, irin na wajen Sabon Gari, mai ƙarfen narka dalma da famfon zuƙe ta. Ka je ka zauna kusa da shi, ka ce, "Baba, so nake in gani." Yini ɗaya a bencinsa ya fi bidiyo ashirin.

Duk wanda ka zaɓa, sai ya yi magana da kwamfutar yau. Ƙaramin kai zagaye mai ƙusa 6 shi ne PS/2, wanda ya fito a 1987. Babban mai ƙusa 5 ya girme shi, kuma in na zamanin kwamfutar IBM AT ne, 'yar mahaɗa marar komai a ciki ta isa ta mai da shi PS/2. Wasu suna da ɗan makunni a ƙasa mai rubutun XT da AT, ka tura shi AT. Daga PS/2 zuwa USB ne ake asarar kuɗi. 'Yar ƙaramar mahaɗar nan da ke zuwa a kwalin linzami ko kibod waya ce kawai a ciki, ba za ta yi ba. Ka nemi adafta mai ƙwaƙwalwa a ciki, yawanci mai ɗan kumburi a tsakiya ko mai reshe biyu, ka kuma gwada ta a shagon, don Model M yana jan wuta fiye da na zamani kuma ba kowace adafta ke ɗaukarsa ba. Hanya mafi tabbas ta gwaji ita ce tsohuwar kwamfutar tebur mai ramin PS/2 shunayya a baya, irin waɗanda har yanzu suke aiki a shagunan buga takardu. Ka jona kafin a kunna ta, ba bayan an kunna ba. Wanda wayarsa ta ƙare da kai irin na tarho ko na intanet, na tashar babbar kwamfuta ne, yana buƙatar adaftar da za a harhaɗa da ɗan allon lantarki irin Pro Micro. Wannan darasin shekara ta biyu ne.

Sai inda za a samo. Oda daga waje tana ba ka ainihin abin da ka nema, amma kibod mai kilo 2 kuɗin jirginsa kan yi gogayya da kuɗin sayensa, ga canjin dala, ga masu sayarwa da sun riga sun san darajar kayansu. Shagunan kwamfuta na Beirut Road sababbi da na zamani suka fi yawa a gaba, tambaya za ka yi a leƙa maka sito. Inda rabo ya fi tsaga shi ne wurin 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, irin na wajen Ƙofar Ruwa, da lokacin da wani ofis ko makaranta ke kwashe tsofaffin kaya. A wurinsu kibod ƙarfe ne da tagulla da roba, sikeli ne ke yanka masa farashi, kuma farantin Model M shi ke jawo masa guduma da wuri. Na nuna wa wani hoto a waya, na ce, "Malam, in irin wannan ya shigo, don Allah kada a fasa, zan ba ka fiye da abin da sikeli zai ba ka." Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan tarkacen?" Wata huɗu shiru, rannan sai ga kira. Haƙuri ne jarin wannan hanya, kuma ba ka zaɓar abin da zai zo. Wanda ya sha ruwan damina a fili ka duba tsatsa a faranti, ka kuma zazzage shi a waje kafin ka shiga da shi gida, kyankyasai na son irin wannan masauki.

Jikin da ya yi ɗorawa, wanda ya fi samun na Apple da Dell da Cherry masu robar ABS, ana iya faranta shi da man haidurojin na masu gyaran gashi a shanya a rana. Ranar Kano ta fi ƙarfin wannan aiki, takan bar dabbare-dabbare, ta lanƙwasa dogon maɓallin tazara, bayan 'yan shekaru kuma launin ya dawo. Ni barinsu nake yi da furfurarsu.

Abin da na gaya wa ɗan yayata ke nan a taƙaice. Tunda ya ce gyara yake son koya, kuma aljihun ɗalibi gare shi, ya fara da G80, ko ma kowane kibod mai MX, ya lalata makunni biyar ya gyara ba tare da ya yi kuka ba. Da marubuci ne ko mai buga takardu, mai son abu ɗaya da zai yi shekara ashirin a teburinsa yana shan hazo, da Model M zan ce, kuma ko shi ɗin in ya ci karo da Model M mai shiru in an girgiza, kada ya bar shi ya kwana a wurin. Alps kuwa sai hannunsa ya faɗa, sai kuma ya samu ɗaki mai rufaffiyar taga.

Bayan mako uku ya turo mini hoto da daddare. Kibod ne ruwan ƙasa-ƙasa a kan buhu, ya zare hula ɗaya kamar yadda na koya masa, ga rami mai kusurwa huɗu da baƙar sanda. Dell ne. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, na san abin da ka ce, amma mutumin ya sallama da araha." Na ce ya zo da shi ranar Asabar, ya biya ta kanti ya sayo tsinken sakace kwali biyu.